Tarkon Wucin Gadi a Wasannin Rubutu na Kwamfuta: Ɗanawa da Kwancewa



Na tabbata akwai wanda ya ga kan wannan lacca a jikin allon sanarwa ya yi murmushi, ya ce a ransa, ashe har wasa ya sami kujera a jami'a. To, ban ga laifinsa ba. Sai dai ina roƙon a ba ni aron kunne na ɗan lokaci, domin abin da za mu duba yau ƙaramin reshe ne na ilmin sarrafa kwamfuta, amma matsalar da ke cikinsa tsohuwa ce, manomi ya san ta, akawu ma ya san ta. Matsalar kuwa ita ce, idan mutum ya kafa wani umarni don biyan bukatar ɗan lokaci, wa zai cire shi, yaushe za a cire shi, kuma ta yaya za a gane shi a cikin 'yan'uwansa in ranar cirewa ta zo? Na zaɓi in bi ta hanyar wasa ne saboda a can kuskure yakan bayyana nan take, a kan allo, kowa na gani, ba kuma tare da an yi asarar rai ko dukiya ba.

Asalin wasan

Tun kafin kwamfuta ta iya zana hoton kirki mutane suke wasa da ita da rubutu zalla. Tsakanin 1975 da 1976 wani Ba'amurke mai suna Will Crowther ya tsara wasan da ake kira Adventure, inda kwamfuta za ta bayyana wa mutum siffar wani kogo, shi kuma ya rubuta mata abin da yake so ya yi, kamar ya nufi arewa ko ya ɗauki fitila, sa'an nan ta gaya masa abin da ya biyo baya. Wannan na mutum ɗaya ne. A shekarar 1978 Roy Trubshaw, ɗalibi a Jami'ar Essex ta Ingila, ya fara rubuta wani a kan kwamfutar jami'ar mai suna PDP-10, wanda mutane da yawa za su shiga lokaci guda, su ga juna, su yi magana, su yi ciniki ko faɗa. Ya sa masa suna MUD. Richard Bartle ya karɓi aikin daga hannunsa a 1980 ya faɗaɗa shi, har sunan ya zama na dukkan wasanni irinsa. Daga nan sai zuriya ta yaɗu: AberMUD a 1987, TinyMUD da LPMud a 1989, DikuMUD daga wata jami'a ta ƙasar Danmak a 1991. Wani mai suna Achaea, da aka buɗe a 1997, har yanzu ana yinsa.

Yadda abin yake tafiya ba wuya. Akwai babbar kwamfuta a wani wuri mai riƙe da duniyar wasan, bari mu kira ta uwar wasa. Ita ce ke aiko wa kowane ɗan wasa rubutu, sheɗara bayan sheɗara, watau layi bayan layi, shi kuma ya mayar mata da umarni. Babu hoto, babu murya, saboda haka abin da wasan ke ci na data ɗan kaɗan ne. Wannan ne kuma ya sa makafi da dama suke yinsa, suna sauraren na'urar da ke karanta musu abin da ke kan allo.

Tsakanin ɗan wasa da uwar wasa akwai wata manhaja da ke zaman masinja, ita ke karɓo saƙo ta nuna, ta kuma kai amsa. Da farko aikinta ke nan kurum. To amma ɗan Adam bai son maimaita abu guda sau ɗari, sai aka shiga koya wa masinjan yin wasu abubuwa da kansa. Ta haka aka sami TinyFugue, da TinTin a 1992, da zMUD, da MUSHclient, da kuma Mudlet wadda aka soma a 2008, wadda da ita zan fi ba da misali domin kyauta ce, kowane ɗalibi na iya saukar da ita. Harshen da ake ba Mudlet umarni da shi sunansa Lua. Masu bincike uku ne na wata jami'a a birnin Riyo na ƙasar Birazil suka ƙirƙiro shi a 1993, ma'anar sunan kuwa a harshen mutanen Fotugal ita ce farin wata.

Mene ne tarko?

Turawa suna kiran abin da za mu tattauna da sunan kunamar bindiga, watau ɗan ƙarfen da in an taɓa shi harsashi zai fita. Ni a ganina kalmar tarko ta fi dacewa da shi a Hausa, domin kunama sai da yatsa a kanta, tarko kuwa ɗana shi ake yi a tafi, ya yi aikinsa ko mai shi yana barci.

Kowane tarko yana da sassa biyu. Akwai alama, watau kalmomin da aka ce ya jira, akwai kuma aiki, watau abin da zai yi in ya gan su. Duk sheɗarar da ta iso daga uwar wasa, masinja zai bi da ita ta gaban tarkunan da ke ɗane ɗaya bayan ɗaya, wanda alamarsa ta dace sai ya kama, ya zartar da aikinsa. Alal misali, mutum na iya cewa duk sa'ad da aka rubuto "kana jin ƙishirwa" a aika da umarnin "sha ruwa". Yawancin wasannin nan da Turanci suke magana, akwai kuma na Jamusanci da Rashanci da Sinanci, amma zan sa misalaina da Hausa don kada harshe ya tsare mana hanya.

Wannan tarko na ƙishirwa na dindindin ne. An rubuta shi a cikin littafin tarkuna na manhajar, yana da suna, ana ganinsa a jeri, in an rufe kwamfuta an sake buɗewa yana nan. Bukatarsa ba ta ƙarewa, tun da ƙishirwa ba ta ƙarewa.

Amma akwai bukatar da ba ta wuce ƙiftawar ido ba. A ce ɗan wasa ya iso bakin wata ƙofa a kulle, ya aika da umarnin buɗe ta da mabuɗi, yana so da zarar an ce "ƙofa ta buɗe" ya wuce arewa kafin ta sake rufewa. In ya sa wannan a tarkon dindindin ya jawo wa kansa, domin gobe yana zaune a wani gari dabam, wani ya buɗe wata ƙofa, sai ya ga an ja shi arewa, watakila cikin rami. Abin da yake bukata shi ne tarkon da za a ɗana yanzu, don wannan ƙofa kaɗai, a kuma kwance shi da zarar ya yi aikinsa. Shi ne tarkon wucin gadi. A Mudlet ga yadda ake rubuta shi:

lamba = tempTrigger("ƙofa ta buɗe", [[send("arewa")]])

Ku lura da kalmar farko ta wannan sheɗara, domin a kanta rabin laccar nan ya rataya. Tarkon wucin gadi ba shi da suna, ba ya kuma fitowa a cikin littafin tarkuna. Abin da kawai manhajar ke ba ka a lokacin ɗanawa shi ne lamba, kamar yadda ake ba mutum rasit. Kalmar da muka sa a hagu ma'ajiya ce da muka jefa lambar a ciki. Ranar kwancewa sai a ce:

killTrigger(lamba)

Wanda bai ajiye lambarsa ba ya ɗana tarkon da ba ya gani, ba ya kuma iya kiransa. Zai ci gaba da kamu har sai an rufe wasan gaba ɗaya an sake buɗewa. Kalmar wucin gadi a nan tana yaudarar masu koyo ƙwarai. Suna zaton ma'anarta tarkon zai gushe da kansa in ya kama sau ɗaya. Ba haka ba ne. Ma'anarta kurum ba a adana shi don gobe, amma a yau ɗin yana nan daram, in mutum ya wuni yana wasa tarkon ya wuni tare da shi.

Mutanen Faskari da Sabuwa da ke cikin wannan zaure ba sa bukatar dogon bayani a kan haka. In gyaɗa ta ƙosa a gona, yara sukan ɗana wa gafiya da kurege tarko a bakin kunya, kuma daidai ne, lokacinsa ne. Amma in an cire amfani, an kai masara da dawa rumbu, an saki dabbobin gari su yi kiwo a kara, tarkon da aka manta a ƙarƙashin ciyawa ba ya tambayar ko kaka ta wuce. Ƙafar akuyar maƙwabci zai kama, ko ta yaron da aka aika kiwo. Ƙarfen bai canja ba, lokaci ne ya canja, mai shi kuma ya manta inda ya binne shi.

Hanyoyin kwancewa

Masu tsara waɗannan manhajoji sun daɗe da gane cewa ba a dogara da tunanin ɗan Adam, saboda haka suka tanadi hanyoyin da tarko zai zo da ajalinsa tun daga ranar haihuwa. Mafi sauƙi ita ce ƙidaya. A Mudlet ana ƙara adadi a ƙarshen umarnin ɗanawa, in an sa 1 tarkon zai kama sau ɗaya ya mutu, in an sa 3 sai ya kama sau uku. Akwai ma wata 'yar dabara a ciki: idan tarko ya kama abin da ya duba ya ga ba shi ake nema ba, ana iya tsara aikinsa ya ce kada a lissafa wannan kamun, ya ci gaba da jira. Sauran manhajojin ma suna da irin wannan. A zMUD umarnin #TEMP yana yin tarko mai kamu ɗaya. A TinyFugue ana faɗin yawan kamun tun wajen ɗanawa. MUSHclient kuwa ta raba abin gida biyu, akwai shaidar da ke cewa tarko na wucin gadi ne, akwai wata dabam mai cewa na kamu ɗaya ne, kuma tana da umarni guda mai share dukkan na wucin gadi a lokaci ɗaya. Wannan rabuwa tana da kyau a wajen koyarwa, domin ta nuna abubuwa biyu ne mabambanta.

Akwai kuma tarkon da ba ya duban alama sam, sheɗaru yake ƙirgawa. Sunansa tempLineTrigger. Ana ce masa daga sheɗara ta gaba ka kama biyar, ko mene ne a cikinsu, sa'an nan ka tafi. Amfaninsa shi ne kwashe jeri, kamar in mutum ya nemi a nuna masa kayan da ke cikin jakarsa ko farashin kaya a kanti.

To amma ƙidaya tana da rauni babba, kuma a nan nake so mu ɗan zauna. Tarko mai kamu ɗaya yana mutuwa ne in ya kama. In bai kama ba fa? A ce mabuɗin ba na ƙofar ba ne, uwar wasa ta amsa da cewa "mabuɗin bai shiga ba". Sheɗarar da tarkonmu ke jira ba za ta zo ba, shi kuwa yana nan a ɗane. Bayan sa'a biyu, an manta da zancen, wata ƙofa ta buɗe a wani wuri, sai ya kama. Wannan kuskure ya fi kowane wuyar ganowa, domin tsakanin sababi da sakamako akwai tazara mai nisa, mai wasa ya rantse bai taɓa komai ba.

Maganinsa shi ne a haɗa tarko da agogo. Akwai umarni mai suna tempTimer, wanda ake ba shi adadin daƙiƙoƙi da aikin da zai yi in sun cika. Sai a ce masa bayan daƙiƙa 10 ya kwance tarkon da ke da lamba kaza, ko ya kama ko bai kama ba. Yanzu tarkon yana da ajali biyu, wanda ya riga zuwa shi ne nasa.

Sai dai shi ma agogon abin wucin gadi ne, yana da tasa lamba, yana kuma bukatar mai kashe shi. Ku bi ni a hankali a nan. An ɗana tarko da agogo, ƙofa ta buɗe a daƙiƙa ta 2, tarko ya kama ya mutu, amma agogo yana ta tafiya. A daƙiƙa ta 8 ɗan wasa ya iso ƙofa ta biyu, ya ɗana sabon tarko, sabuwar lamba ta shiga ma'ajiyar nan ta ɗazu. A daƙiƙa ta 10 tsohon agogo ya buga, ya leƙa ma'ajiya, ya ga lamba, ya kashe. Wa ya kashe? Sabon tarko, wanda bai yi laifin komai ba. Saboda haka ƙa'ida ita ce kowannensu ya riƙe wuƙar ɗan'uwansa: in tarko ya kama, aikinsa na farko ya tsayar da agogo da umarnin killTimer, in agogo ya riga bugawa ya kwance tarko.

Tarin tarkuna da ɓatan lamba

Cuta ta biyu ita ce tari. Sau da yawa ba mutum ne ke ɗana tarkon wucin gadi da hannunsa ba, wani tarko ne na dindindin ke haifarsa. A ce an tsara cewa duk sa'ad da aka rubuto "ka kai sara" a ɗana tarkon da zai jira "maƙiyi ya faɗi" don a kwashi ganima. In faɗan ya yi tsawo, aka kai sara 40, to tarkuna 40 ne a ɗane, duk suna jiran sheɗara guda. Da maƙiyi ya faɗi sai umarni 40 su tafi a tare. Wasanni da yawa suna ɗaukar irin wannan ambaliya a matsayin damun jama'a, wasu ma sukan katse wa mutum hanya saboda ita. Ga kuma nauyi a kan kwamfuta, tun da kowace sheɗara sai ta bi ta gaban kowane tarko. In tarkuna 500 suka taru, sheɗaru 200 suka iso, gwaji 100,000 ke nan, a daidai lokacin da ɗan wasa ya fi bukatar sauri.

Abin baƙin ciki kuma, ma'ajiya lamba ɗaya take riƙewa. Kowace sabuwa tana ture ta gabanta, saboda haka cikin tarkunan nan 40, na ƙarshe kaɗai ake iya kira, sauran 39 sun zama marayu. Irin wannan yakan sami mai koyo ko ba a fagen faɗa ba, domin a Mudlet duk sa'ad da aka gyara rubutaccen umarni aka adana, manhajar takan zartar da shi nan take don ta gwada, in akwai ɗana tarko a ciki sai a sami ƙari. Gyara goma, tarko goma. Rigakafin sheɗara ɗaya ce da ake sawa kafin ɗanawa:

if lamba then killTrigger(lamba) end

Watau in akwai tsohuwar lamba a ma'ajiya, a kwance mai ita tukuna, sa'an nan a ɗana sabo. Wata hanyar ɓatan lamba kuma ta harshen Lua ce. Idan aka sa kalmar local a gaban ma'ajiya, ta zama ta cikin ɗaki, umarnin da ke wani wuri dabam ba zai gan ta ba, ya zo kwancewa ya tarar ba kowa. Wanda ke da tarkuna da yawa gara ya buɗe musu rajista guda, watau jadawali mai suna a gefe da lamba a gefe, ta yadda in ya so zai bi ta daga sama har ƙasa ya share su duka.

Ina ganin ma'aikatan da ke nan sun fara gane fuskar wannan magana. A ofisoshin gwamnati, in jami'i ya duba fayil ya ga lokacin aikinsa bai yi ba, yakan rubuta haruffan B.U. tare da kwanan wata, ma'ana a sake kawo masa ranar kaza. Akawun rajista ya shigar da lambar fayil a littafinsa, ranar na zuwa ya ɗauko. Wannan tarko ne da agogonsa da lambarsa, cikakke. In an gama da magana sai a rubuta P.A., a kai fayil ma'adana, an kwance ke nan. Amma akwai na uku, K.I.V., watau a sa ido a kai, ba rana ba wata. Duk wanda ya yi aiki a sakatariya ya san inda irin waɗannan fayiloli suke kwana. Ba mugunta ce ke binne su ba, rashin kwanan wata ne.

Faɗin alama

Cuta ta uku ba ta lokaci ba ce, ta alama ce. Umarnin tempTrigger yana kama kalmominsa a ko'ina suka faɗo a cikin sheɗara, farko ko tsakiya ko ƙarshe. To, a wasan da mutane da yawa ke ciki, ba uwar wasa kaɗai ke magana ba. Wani ɗan wasa mai wayo, in ya lura kana da tarko, sai ya tsaya kusa da kai ya furta "ƙofa ta buɗe" da bakinsa. Sheɗarar za ta iso maka da sunansa a gaba, amma tarkonka bai san wannan ba, ya ga kalmominsa ya kama, ka tafi arewa inda abokansa ke jiranka. Wannan zamba tsohuwa ce a cikin wasannin nan.

Ana tsuke alama ta hanyoyi dabam-dabam. Akwai tempBeginOfLineTrigger mai kama kalmomi in su ne farkon sheɗara, akwai tempExactMatchTrigger wanda sai sheɗarar gaba ɗayanta ta dace, ba ragi ba ƙari. Akwai kuma tempRegexTrigger, mai aiki da abin da zan kira ma'aunin siffa, wata hanya ta bayyana tsarin rubutu wadda asalinta ke komawa ga aikin masanin lissafi Stephen Kleene a 1951. Da ita ana iya cewa a kama sheɗarar da ta fara da suna, adadi ya biyo, ta ƙare da kalmar zinariya, a kuma ciro sunan da adadin a yi aiki da su. Ta fi ƙarfi, amma ta fi nauyi, don haka ba a ɗauko gatari inda wuƙa za ta yi. A nan ne kuma tarkon wucin gadi ya fi na dindindin aminci, in an bi ƙa'idarsa. Wanda ke ɗane dare da rana kowa na iya nazarinsa ya yaudare shi, wanda kuwa rayuwarsa daƙiƙa 10 ce, kafin mazambaci ya shirya ya wuce.

Ba zan kwatanta wasa da rayukan mutane ba, amma tsarin tunanin ɗaya ne, kuma jiharmu ta gan shi a aikace. Bayan shekarun hare-haren 'yan bindiga, ciki har da sace ɗalibai fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara daren 11 ga Disamba 2020, Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a kan dokar matakan tsaro a ƙarshen Agusta 2021. Aka hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, aka ce su zaga ta Funtuwa, aka dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama. A watan Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, ba a fara maido da su ba sai a watan Disamba. Waɗanda suka yanke wannan shawara suna fuskantar haɗari na gaskiya, ba kuma wanda zai iya sa wa zaman lafiya rana a kalanda. Amma ɗalibin wannan fanni zai ga abubuwa biyu. Na ɗaya faɗin alama, domin layin da ɗan bindiga da mai kai masa rahoto ke magana a kai, shi ne layin da manomi ke kiran jami'in tsaro ko ɗan'uwansa da ke birni. Na biyu, matakin da aka ce zai tsaya har sai abin da hali ya yi, tarko ne mai jiran sheɗarar da ba a san ranar zuwanta ba. Ra'ayina shi ne irin wannan mataki ya fi kowane bukatar B.U., watau ranar da doka da kanta za ta tilasta a ɗauko fayil a sake dubawa, ko da sabunta shi za a yi.

In waya ta yanke

Zancen katsewar layi ya dawo da mu kan allo, domin ɗalibin da ke wasa daga Sabuwa ko ƙauyukan Faskari, inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, zai gamu da wata matsala fiye da takwaransa na birni. Yankewar hanya tsakaninsa da uwar wasa ba ta kashe tarkunan wucin gadi, muddin bai rufe wasan a manhajar ba. Ya aika umarnin buɗe ƙofa, sabis ya ɗauke, amsa ta ɓace a hanya, bayan rabin sa'a ya sake shiga, tarkon jiran ƙofa yana nan. Mudlet tana shelanta wani al'amari mai suna sysDisconnectionEvent duk sa'ad da hanya ta yanke, ana kuma iya ɗaura masa aiki. Aikin da ya dace a ɗaura masa shi ne bin rajistar nan da muka ambata a kwance duk abin da ke cikinta, a shiga da hannu wankakke. Haka nan wa'adin agogo sai an auna shi da halin wuri. Daƙiƙa 2 sun isa inda sabis ke da ƙarfi, amma inda amsa kan yi jinkiri, agogo mai gaggawa zai kwance tarko kafin abin kamawa ya iso.

Kada kuma a ɗauka kowace gajeriyar bukata sai tarkon wucin gadi. In alamar ba ta canjawa, kamar ta ƙofar nan, sau da yawa ya fi kyau a rubuta tarkon dindindin a bar shi a kashe, a kunna shi da enableTrigger in bukata ta taso, a kashe da disableTrigger in ta wuce. Yana da suna, ana ganinsa a littafi, ba ya kuma taruwa ko sau ɗari aka kunna shi. Na wucin gadi ya fi amfani inda ba a san alamar ba sai lokacin ya zo, kamar sunan wanda ka aika wa saƙo yanzu kake jiran amsarsa, ko adadin kuɗin da ka taya kaya.

Ga ɗaliban da ke son gwadawa, ba lalle sai da intanet ba bayan an sauke manhajar. Ana iya buɗe Mudlet ba tare da an haɗa ta da kowace uwar wasa ba, akwai kuma umarni mai suna feedTriggers, wanda duk abin da ka rubuta masa zai bi da shi ta gaban tarkuna kamar daga wasa ya fito. Ku ɗana tarko guda mai rubuta kalma a allo in ya kama, ku adana shi sau biyar ba tare da sheɗarar rigakafi ba, sa'an nan ku ciyar da shi alamarsa sau ɗaya ku ƙirga amsoshin da za su fito. Bayan haka ku rufe, ku sake buɗewa, ku sa rigakafin, ku maimaita.